Maganin Cikin Liman Maitama

Liman Maitama ya toshe hanci da gefen rawani kafin ya buɗe kwalbar. Duk da haka warin ya iske shi: warin gwandar da ta ruɓe a ƙasan kwando, haɗe da tsamin abarba, da wani abu kamar tsumman da ya kwana uku a ruwa.

"Giya ce wannan?" ya tambaya.

Kudirat, mai sayar da kayan marmari da maganin ciki a bakin tashar jirgin Funtua, ta yi dariya. Bayarabiya ce, amma a garin aka haife ta. "Haba Baba Liman, ni ma goshina yana taɓa ƙasa sau biyar. Gwanda ce da abarba da lemun tsami. Cokali uku a tafasasshen ruwa, safe da yamma, kwana arba'in. Ko ƙishirwa za ta kashe ka, kada ɗanyen ruwa ya wuce maƙogwaronka. Yana karya ƙarfin maganin."

Ya dubi ƙudajen da suka lulluɓe tirenta, ya dubi faratanta, ya ɗauki kwalbar da yatsu biyu ya naɗe ta a tsohuwar jarida. A shekarar da naira ta fito ne, ko wadda ta biyo bayanta. Abin ya daɗe.

Shekara bakwai ke nan cikinsa yana murɗa. Shi ne limamin wani ƙauye gabas da Dayi, kuma alwala ba ta zama a jikinsa. Sau da yawa ana tsakiyar raka'a sai ya jawo na bayansa gaba, ya kama hanci kamar mai haɓo, ya ratsa sahu ya fice. Kowa ya san ba haɓo ba ne. Dattawan gari suka same shi cikin ladabi suka ce in Babbar Salla ta zo bai warke ba, za a ba wani ya ja Idi, shi ya huta. Limancin nan gadon kakansa ne.

Abin da ya fi damunsa shi ne yadda cuta ta tsallake kowa ta same shi, shi da babu kamarsa wajen tsabta. Mutum ne mai ƙyanƙyami tun yana ɗalibi. Ba ya shan ruwa a moɗar kowa. Ba ya sa hannu a akushin taro. Da ya sake ginin gidansa ya sa an fitar da masai can bayan katanga don kada iska ta kawo masa, ya haƙa 'yar rijiyarsa a kusurwar turaka, da murfi da kwaɗo. Iyali su je rijiyar unguwa inda kowa ke jefa guga. Ko matarsa Hansai ba ta taɓa igiyar tasa.

Hansai ce ke tafasa masa ruwan. Yakan zuba cokali uku, ya runtse ido, ya kwankwaɗe, ya zauna yana yaƙi da amai. Komai ya koma yi masa ɗanɗanon ruɓa, har ruwan kurkurar baki, amma wannan ba sabon abu ba ne. Harshen majinyaci haka yake.

A kwana na tara murɗar ta lafa. A na ashirin ya ja Azahar da La'asar da alwala ɗaya, ya dawo gida ya zauna a kan buzu yana hamdala. Da arba'in ta cika ya yi ƙiba har wuyan riga ya kama shi. Ya wurgar da kwalbar bayan gari, ya wanke hannu sau bakwai, ya jawo ruwa mai sanyi daga rijiyarsa ya sha har ya ƙoshi.

Kwana uku aka yi, ciwon ya dawo. Saura mako guda Salla.

Ya sake shiga motar Funtua, ta Malumfashi da Bakori, yana dafe da ciki a kowace gargada. Ya ce wa Kudirat ƙazantarta ce ta ɗaure masa hanji, ta mai da shi bawan kwalba.

"Baba Liman," in ji ta, "waɗanda suka sha kafin kai ba su dawo ba. Ka dai duba abin da kake ci." Ta miƙo wata kwalbar. Ya karɓa, don ba shi da zaɓi.

Ana jajibirin Salla igiyar gugansa ta tsinke, gugan ya faɗa rijiya. Dole aka kira Mati mai yasar rijiya. Liman ya sa shi ya wanke ƙafafu da sabulu kafin ya sauka, shi kuma ya tsuguna gefe yana alwalar La'asar da sauran ruwan butarsa.

Mati bai daɗe ba. Ya fito babu guga, ya rarrafa gindin bango ya yi ta amai.

"Ka ɓata mini wuri," in ji Liman, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

Mati ya goge baki da bayan hannu. "Allah gafarta Malam, gaba biyu daga sama bangon rijiyar ya tsage, ta ɓangaren katanga. Tsagar ta yi shekaru, har ta yi baƙi." Ya dubi butar, ya kau da kai. "Masan gidanka ne yake tsiyaya a ciki."