Mahauta Biyu da Hanjin Bijimi

Magaji, tunda in na kira ka sai ka ce "Umma, lafiyata ƙalau" ka kashe waya, bari in rubuto maka wani misali. Ka karanta ko a tsaye ne.

An yi wasu mahauta biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, teburinsu ɗaya a kasuwa. Su ba sa sayar da tsoka, kayan ciki ne sana'arsu. Kullum da safe a mayanka wan zai riƙe bakin hanji, ƙanen ya riƙe ɗaya bakin, su juya shi ciki ya koma waje, su wanke, su duba. Aikin mutum biyu ne. Ana nan sai wan ya fara ganin jini in ya zaga bayan gida. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa ba maganar da magidanci zai buɗe baki ya yi ba ce. Ya ce basir ne, wa ba shi da basir? Ya riƙa sayen jiƙo a jarka wurin masu lasifika a tasha, wannan ya ƙare ya sayo wancan. Yau gudawa, gobe ciki ya ɗaure. Shekara biyu yana ƙara matse tazuge, mutane na cewa azumin nafila ne ya yi masa yawa. Sai ranar da wuƙa ta faɗi daga hannunsa aka kai shi asibiti. Likita ta ce ciwon daji ne na babban hanji, har ya haura hanta. Bai ga damina ba. Tun yana kwance likitar ta ja ƙanen gefe ta ce ciwon nan yakan bi dangi, ya zo a duba shi ko da ba ya jin komai. Ta ce abin yakan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, ya yi shekaru shiru ba zafi, in an leƙa da siririn bututu mai kyamara aka gan shi da wuri sai a cire shi. Ƙanen ya ce, "Ni a kwantar da ni a leƙa ni ta ƙasa? Allah ya kiyaye." Ya sa takalmansa ya fita.

Bayan sadakar arba'in ya koma mayanka shi kaɗai. Ba mai riƙe masa hanji, sai ya kafa ƙusa a jikin ginshiƙi, daidai inda wan yake tsayawa, yana maƙala bakin hanjin a nan. Ƙusa ba ta magana, ba ta yi masa faɗa in ya yi garaje. Ya fi wata in mai koko ta zo yana cewa ta zuba biyu, sai ta tsaya tana kallonsa. Wata safiya aka yanka wani bijimi mai ƙiba, fatarsa har sheƙi take, kowa na yabawa. Da ya juya hanjin sai ga ƙulli a ciki kamar goro, ta waje kuwa sumul, ba alama. Shekara talatin yana ganin irin haka yana yankewa ya jefar, bai taɓa tsayawa ba sai ranar. Ya daɗe a tsaye, ruwa na zuba a ƙafarsa. Ya wanke hannu, ya rufe tebur da buhu, ya tafi asibiti. Suka ba shi rana, suka ba shi maganin wanke ciki. Ranar dubawar kowa a benci da ɗan'uwansa a gefe, shi sai matar maƙwabci ce ta turo mijinta ya raka shi. Aka samu tsiro biyu, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, aka cire su nan take. Likita ta ce ba su kai ga juyewa su zama ciwon daji ba, ya dawo bayan 'yan shekaru a sake dubawa. Yana nan har yau a teburinsa da furfura, shi ya aurar da 'ya'yan wan nasa duka.

To Magaji, mahaifinka yana da shekara arba'in da huɗu aka gano nasa ciwon hanjin, kuma likita a gabana ya ce 'ya'yansa su fara zuwa a duba su tun da sauran shekara goma su kai haka. Kai ga shi ka ba talatin da biyar baya. Ni na yi jinyarsa, ni na san abin da idona ya gani, ban taɓa gaya muku rabinsa ba. Yanzu ni kaɗai ce a gidan nan, tukunya ƙarama nake ɗorawa, ita ma sai ta yi saura. Wallahi ba ni da ƙarfin da zan sake zama a bakin gadon nan. Kunyar rabin yini ce kawai, ka daure ka je. Masu iya magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.