Zarnin Bayan Masana'antar Liao

Pi-hsia ta toshe hanci da gefen rigarta, ta leƙa lungun bayan masana'anta, ta ja da baya kamar wadda ta taka wuta. Zarni ne, irin tsohon zarnin nan da ya yi gida ya hayayyafa. Ƙasar wurin kullum a jiƙe take, ga wani koren gansakuka, alhali rabon garin Taichung da ruwan sama har an manta.

Tun da surukinta Tsoho Liao ya ajiye aiki, ita ke riƙe da wurin. Sassan keke suke yankawa, kuma ba ta da abin tinƙaho kamar tsafta. A wajen tsohon ta gada. Mutum ne da ke shafa farin hankici a jikin inji ya duba ko ya ɗauko ƙura. Har yanzu kowace safiya sai ya zo da fulas ɗin shayinsa ya zagaya, yana mitar gwiwa, yana tsine wa wanda ya gina banɗaki a saman bene.

Da ta kai masa ƙara, sai ya yamutsa fuska har ya kusa amai.

"Wannan aikin kare ne, 'yar nan. Ki sa ido a kan Fu-lai. Mai tofar da jan yawun goron binlan ko'ina, me zai gagare shi?"

Fu-lai, mai kula da babban inji, ya rantse da kabarin kakansa cewa ba shi ba ne. Ba ta saurare shi ba. Ta sa aka kankare lungun, aka yi masa ƙofar ƙarfe, ta garƙame da kwaɗo, ta rataye makullin a wuyanta. Iska ta gyaru. Tsohon ya yaba mata, sai dai ya rage zagayen safe, wai gwiwar ta matsa.

Ba a jima ba babban injin ya haukace. Yana cikin yanka lafiya lau sai ya zabura kamar an tsikare shi, ya kauce layi, ya lalata ƙarfe. Lambobin allonsa suna rawa su kaɗai. Kwandon ɓarna ya cika ya tumbatsa, ga kamfanin keken da ke sayen kayansu ya ce in mako ya ƙare babu kaya, zai nemi wasu. In ya tafi, sai dai a rufe ƙofa.

Ta kira A-Kun mai gyaran wuta. Ya buɗe akwatin wayoyi ya yi tsaki.

"Yaya, wa ya yi miki wannan taliyar? Wayar da ke kai wa inji umarni kwance take jikin wayar babbar wuta. Hayaniyar wannan ce ke shiga kunnen waccan, shi kuma inji ya ɗauka magana ake masa."

Ya raba su, kowace da hanyarta. Ya sauya wayoyin umarni da masu rigar saƙar ƙarfe, ya ɗaure bakin rigar a jikin akwatin, don ta kwashe hayaniyar ta miƙa wa ƙasa. Aka kunna. Injin ya yi ladabi na ɗan lokaci, sannan ya sake zabura ya cinye wani ƙarfen.

A-Kun ya sosa ƙeya. Ya kama wata koriyar waya ya bi ta, ta bango, ta ƙarƙashin taga, har ta ɓace a bayan ƙofar da ke garƙame. Pi-hsia ta buɗe masa tana ɓata rai. Can a kusurwa ga kan wata sandar jan ƙarfe da aka kafa tun zamanin tsohon, ƙasar da ke kewaye da ita ta bushe ta tsattsage.

"Ga ɓarawon," in ji shi. "Duk hayaniyar nan ta wannan sanda take sauka. Busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓa. Tana son danshi, in da ɗan gishiri ma ta fi so. Da can wa ke shayar da ita?"

Pi-hsia ta tuna jiƙaƙƙiyar ƙasar nan mai zarni. Wato duk ƙyallin masana'antarta, duk kayan da take alfahari da su, a kan fitsarin wani ƙato suke tsaye. A-Kun ya kalli fuskarta, ya gane, ya yi dariya har da riƙe bango.

"Ki nemo shi ki ƙara masa albashi, Yaya!"

Ya kwarara bokitin ruwan gishiri a gindin sandar, injin ya kwanta luf kamar jaririn da ya ƙoshi. Ya ce sai mako mai zuwa zai kafa sababbin sanduna masu zurfi. Kafin nan, kullum da safe a ba tsohuwar sandar ruwan gishiri, in ba haka ba kayan kamfanin keke ba za su fita ba. Pi-hsia ta tafi gida ta yi wanka har sau biyu, ta kasa cin abinci. Kwaɗon ma a buɗe ta manta shi.

Washegari ta ɗauko bokitin da kanta, don ba ta son ma'aikata su ji labari. Tana shan kwana tsohon warin ya mare ta. Ƙofar a wangale, ƙasar gindin sandar ta riga ta jiƙe, har tana kumfa, ga wani tsaye a wurin ya ba ta baya. Ta ɗaga bokitin, yau Fu-lai zai yi wankan gishiri.

Sai mai tsayuwar ya juyo yana jan zif, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da farin hankici, ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki fulas ɗin shayinsa.