Mulinen da Baba Ya Zaɓa

Ina ƙarama, wata la'asar Baba ya kai ni kantin kayan kamun kifi a Lyon, birnin Faransa inda muke zaune. Ɗan masunta ne daga bakin tafkin Cadi, amma bai taɓa jefa fatsa a teku ba. Ya ɗauki muline, abin naɗe zaren fatsa, ya kara a kunne yana murzawa. Ya girgiza kai, ya ɗauko wani mai nauyi.

"Ruwan gishiri cin ƙarfe yake, 'yata. Wannan zai jure. Ina samun hutu, sai teku."

Hutun bai samu ba har Allah ya karɓi abinsa. Mulinen yana nan wurina, bai taɓa ruwan gishiri ba, ko ɗigon tsatsa babu. Wallahi, da ma ya yi tsatsar.