Birkin Motar Auta

Tun ranar da aka sallamo Auta daga asibiti a keken guragu, ba a sake ambaton Baffa bakanike a gidan ba sai da tsaki.

Yadda abin ya faru kowa ya haddace. Birkin motarta yana ƙara, sai ta bar wa mahaifinta, Baba tela, makulli, ta ce don Allah ya kai wa ƙaninsa Baffa ya canza mata takalman birkin. Da la'asar ta dawo a gurguje, ta ga motar a ƙofar gida, ta zari makulli a kan keken ɗinki ta fice. Ko rabin gangaren layinsu ba ta yi ba ta taka birki, ƙafarta ta nutse har ƙasa. Katanga ce ta tare ta. Likita ya ce ita da tafiya kuma sai wani ikon Allah.

Da aka cire tayoyin, takalman sababbi ne fil. Aiki dai an yi, ƙarasa shi ne ba a yi ba. Wanda ya sa su bai tattaka birkin har ya kama ba kafin a ja motar, abin da ko ɗan koyo ya sani.

Kafin ka ce kwabo magana ta karaɗe gari. Masu motoci suka dinga janye jiki daga garejin Baffa. Mijin Auta ya je ya yi masa wankin babban bargo a gaban mutane, Baffa bai kare kansa ba. Da Baffa ya zo dubiya, Auta ta juya fuska bango, ita da a kafaɗarsa ta girma. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa, ya sa takalmansa ya tafi.

Baba kam bai taɓa sa baki ba. In aka fara zagin ƙanin nasa sai ya tashi ya shige shago, ya zauna gaban keke ba ya ɗinka komai. Shi ke ɗaga Auta, shi ke tura ta inuwa. Takan riƙe hannunsa ta ce wallahi in ba don shi ba da tuni ta haƙura da duniyar. Ya rame ya lalace, abin tausayi, aka ce ai ciwon 'ya ne.

Ranar da Baffa yake kwashe kayansa daga garejin, Baba ya je. Ya tarar da shi tsugune yana zuba sifanoni a buhu, ba mota ko ɗaya a wurin. Baba ya ce abin ya isa haka, yau zai tara iyali a yi magana.

Baffa bai ɗago ba.

"Ka tara su ka ce me, Yaya? Gareji ya tafi, ƙafafunta ba za su dawo ba. Ni ta riga ta saba da tsana ta. Ka bar mata ubanta."

Baffa ya ɗaure bakin buhun.

"Ni abu ɗaya ke ci na. Ranar da ka ga layin motoci ya yi yawa a nan, ka ari jak da sifana ka ce da hannunka za ka yi wa 'yarka gyaran, na kasa tunawa ko na ce maka ka tattaka birkin."