Kashi na Ashirin da Shida

Shekara uku suna farautar wani tsohon katun na Japan da ya ɓace daga intanet, shi yana tonowa yana adanawa, ita tana fassarawa. Kashi ashirin da biyar suka samu. Na ƙarshen ne ya gagara, kamar ƙasa ta haɗiye shi.

Ranar Asabar da hantsi, a shagonsa na gyaran kwamfuta, tana neman wani fayil a faifan ajiyar da ke jone da kwamfutarsa sai idonta ya faɗa kan kashi na ashirin da shida. Ta duba ranar da aka sauke shi. Wata biyar ke nan.

"Injiniya," ta ce, murya a sanyaye, "mene ne wannan?"

Ya tsaya cak da sukudireba a hannu.

"Wata biyar ina bin matattun shafuka, ina roƙon mutanen da ban sani ba, kai kuwa kana kallona?"

"Malama, ki yi haƙuri."

"Ba haƙuri na tambaye ka ba."

Ya ɗago, ya sake sunkuyar da kai. "Duk Asabar kina zuwa ne saboda ba mu same shi ba. In muka ga ƙarshensa, me zai sake kawo ki?"

Fushin da ta tattaro ya rasa wurin sauka. Yatsanta na kan maɓallin kunna fim ɗin: dannawa ɗaya, shekara uku su ƙare. Sai ta janye hannu, ta zare faifan ajiyar, ta saka a jaka.

"Wannan yana wurina," ta ce daga bakin ƙofa, ba ta waiwayo ba. "In kana son ganin ƙarshen, ka turo manyanka wurin Baba."