Humrar Ya Gana

Direban motar gyaɗa ne ya kawo labari Azare: Ya Gana ta rasu jiya a Katagum, har an kai ta makwancinta.

Hauwa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon 'yarta. Husaina ba ta gani, ba ta ji, ba ta magana. Ya Gana ce ta koya mata zance da taɓa tafin hannu. Kullum tsohuwar takan shafa turaren humra don yarinyar ta gane ta.

"Malam, yaya zan gaya mata?" Hauwa ta tambayi mijinta. "Ya Gana ba ta koya mana alamar mutuwa ba."

"Ki dai gwada," in ji shi.

Ta durƙusa ta kama hannun Husaina. Kafin ta fara, yarinyar ta yi mata alamar Ya Gana, ta lalubo fuskarta, ta rufe mata idanu kamar yadda ake yi wa gawa.

Hauwa ta tambaye ta a tafin hannu: wa ya koya miki?

Husaina ta kai mata tafinta hanci. Humra ce, ko bushewa ba ta yi ba.