Jinyar Liman a Gado na Biyu

Kwana tara Murja tana jinyar Liman Usmanu, kwana tara kuma yana ƙara ƙiba.

Ita ce nas mai kula da ɗakin masu matsanancin ciwo a wani ƙaramin asibiti na ƙasar Zurmi, shekarar da korona ta rufe kasuwanni. Ɗakin dai suna ya tara: gado biyu, tukunyar iskar shaƙa ɗaya, sai wani allo irin na talabijin da aka kafa a bango. Cikin allon nan Dakta Hafizu yake fitowa daga Sakkwato safe da yamma, ya duba marasa lafiya, ya faɗa mata abin da za ta yi. Bai taɓa taka Zurmi ba, kuma da alama ba ya marmari.

Mutanen ƙauye ba su yarda da ɗakin ba. Sun ce duk wanda ya shiga, a makara yake fita. Shi ya sa ranar da wani ɗan kabu-kabu mai suna Kamalu ya ratso dajin 'yan bindiga daga wani ƙauye bayan Dauran, ya sauke dattijo da rawani da takardar mai gari, Murja ta ji kamar an yi mata bushara. Ta tambayi sunan da za ta sa a kati, dattijon ya ce, "Rubuta Liman Usmanu."

Ta san abin da ke gabanta. In Liman ya tashi, ƙauyuka goma za su kawo marasa lafiyarsu. In ya mutu, sai dai ta ja ƙofar ɗakin ta koma Kaura Namoda gidan ubanta. Aka ɗebi majinarsa aka aika birni gwaji, sakamako ya bi shanun sarki.

Mara lafiya ne mai ladabi, sai dai ba ya amsa tambaya da garaje. In likita ya ce, "Malam, yaya jiki?" sai ya ce a jira Kamalu, wanda ke kawo masa fura kowane hantsi. Su yi ƙus-ƙus ta taga, sannan ya gyara zaman rawani ya zayyano ciwo tiryan-tiryan: zazzaɓi, tari, ƙirji kamar an ɗora masa buhun gero, abinci ba ya shiga. Yana faɗar haka ga kwanon tuwo na biyu a gefensa, an suɗe shi tas.

Abin da ya ɗaure wa likita kai shi ne ɗan awon da ake maƙalawa a yatsa don a ga yawan iskar da ke jini. Kullum casa'in da takwas yake nunawa. Likita ya ce na'ura ta lalace, aka aiko da sabuwa, ita ma casa'in da takwas. Murja ta gwada a nata yatsan ta samu casa'in da biyar, ta yini tana tausayin kanta.

Dakta Hafizu ya kira manyansa. Ran Talata fuskoki tara suka cika allo, kowa a cikin ɗan akwatinsa, suka zuba wa dattijo ido yana sakace. Wani mai furfura ya ce wataƙila sabon nau'in cutar ne, mai ɓoye kansa. Aka yaba wa Murja, aka ce ta ci gaba da sa ido, amma kar ta taɓa tukunyar iska tunda awo bai faɗi ba.

Magani kuwa ba ya haɗiya a gaban mace. Takan ajiye masa ta fita, in ta dawo babu ko ƙwaya. Da aka ce ya riƙa kwanciya ruf da ciki, sai da ya sa likita ya maimaita sau uku, awa nawa, filo a ina, sannan ya biya wa Kamalu ta taga kamar mai hadda. Wata rana ya daɗe yana kallon tukunyar nan, ya tambaye ta ko ana iya ƙulla iskar a leda. Murja ta yi dariya har da hawaye. Shi bai yi ba.

Ran Juma'a 'yan uwan mai gado na ɗaya suka roƙe shi ya yi wa nasu tofi. Ya sunkuyar da kai ya ce ba huruminsa ba ne. Murja ta ce a ranta, ka ji malaman da, ilimi ga tawali'u.

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Ciwon da yake faɗa kullum gaba yake yi, kuma ta ga irinsa, ta san inda yake ƙarewa. Tsoro take ji sosai, don ba ta san abin da za ta yi wa mutumin da bakinsa ke mutuwa jikinsa na murjewa ba.

Rana ta goma Kamalu ya iso tun kafin lokacinsa, ba fura, bai ko kashe babur ba. Magana biyu ya yi ta taga. Dattijo ya diro daga gado ba takalmi, ya tsaya gaban allo.

"Likita, a taimaka. Numhwashi na ɗaukewa, leɓɓa sun yi baƙi, ko kalmar shahada ba ta hita." Da muryar da aka ji har bakin get ya faɗe ta.

Haƙurin Dakta Hafizu ya ƙare. Ya cire tabarau ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Kwana goma ina kallonka, wallahi ka fi ni lafiya."

Dattijo ya dube shi da mamaki, kamar wanda aka tambaya ina ne gabas.

"To ni ai lahiyata lau, likita. Halilu nike, ƙanen Liman. Shi yana gida kwance. Da yaj ji kai ma ba ka zo da kanka ba, hotonka ka aiko, shi ne yat turo ni wakili."